Lamba Sha Bakwai da Kwano na Huɗu

Daura, 10 ga Yuli

Zuwa ga Lamba Sha Bakwai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan, in ka cire gwiwata ta hagu da ta ƙulla ƙawance da damina. Hadari bai gama haɗuwa ba ita ta riga kowa sani. Ƙannenka suna gaishe ka.

Kada ka wahalar da kanka da kiran waya. Wayar tawa ta faɗa robar ƙullu ranar Juma'a, an shanya ta kwana uku, yanzu ban da warin tsami babu abin da take yi. Kuma kada ka sayo wata. Shekara talatin da biyar ina koya wa yara rubutun wasiƙa, ban ga dalilin da zan tsufa ina ihu a cikin ƙarfe ba. Yahya direba zai riƙa kai maka takarda tasha, kai ma ka riƙa ba shi.

Ga dalilin rubutuna. 'Yan gudun hijira sun sauka a unguwarmu, mata goma sha ɗaya da 'ya'yansu, daga ƙauyukan bakin daji can yamma, inda 'yan bindiga suka tashe su. Na buɗe musu tsohon siton gyaɗar marigayi babanku, mai unguwa ya kawo tabarmi, maƙwabta suna kawo abin da ya sawwaƙa. Da safe ina tara yaran a gindin darbejiya muna karatu, ga shi na koma aiki ba tare da an kira ni ba.

A cikinsu akwai wata Laraba. Goman 'yan gari ɗaya ne, ita kuwa a hanya suka tsince ta, babu wanda ya san ta. Mijinta ya rasu a harin. 'Ya'ya uku na gani tare da ita, amma kullum kwano huɗu take zuba wa tuwo, ta rufe na huɗun da faifai ta ajiye a gefe. Sai ya huce ta raba wa ƙananan. Da na matsa mata da tambaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai wata can." 'Yar farinta ce, shekara goma sha biyu. Ranar gudu ta hau wata mota, su suka hau wata, yau wata biyu ke nan babu labari.

To, kai ne kullum ake jin ka kana 'yancin ɗan'adam kaza, haƙƙin yara kaza. Ga aiki ya zo har siton ubanka. In abin naku ba surutu ba ne, ku nemo wa matar nan 'yarta, don kwanon nan yana hana ni cin abinci.

Malama Maimunatu

*

Kaduna, 16 ga Yuli

Zuwa ga Malama,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi wa gwiwa sannu. Ga man zafi nan na ba Yahya, a shafa shi, kada a adana shi a ƙasan akwati kamar na bara. Ni lafiyata ƙalau.

Takardarki ta sha yawo kafin ta same ni. Kin rubuta "Lamba Sha Bakwai, Kaduna" a bayan ambulan, Yahya kuma ya bar ta hannun ɗan kamasho. Shi kuwa ya kai wa mai shago na sha bakwai a tasha, wani mai sayar da taya, wanda ya karanta ta tas, ya tausaya wa Laraba, ya kuma ce a gaishe da gwiwa. Na yi masa bayani cewa ni ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta faɗin sunana, lambata ce a rajistar aji uku. Ya ce shi ma tasa uwar "Kai wannan" take ce masa, yana da jikoki.

Malama, maganar Laraba ta zo a kan gaɓa. Ƙungiyarmu tana da wani shiri: waɗanda aka raba da gidajensu su tsara wasan kwaikwayo da kansu, da labarinsu da muryoyinsu, mu ɗauka mu sa a gidajen rediyo uku. A ƙarshen wasan kowace uwa za ta kira sunan wanda ya ɓace mata. Ta haka mun haɗa iyalai da dama, domin yaro ba ya manta muryar uwarsa. Sai dai lokacin da aka ba mu a rediyo zai ƙare ƙarshen Agusta, dole a ɗauki muryoyin ranar Alhamis, 24 ga wata.

Zan turo miki Khairunnisa da rakoda da fom. Ban taɓa yarda da kowa kamar yadda na yarda da ita ba, kuma na daɗe ina son ku san juna. Ki riƙe ta kamar 'yarki.

Abu ɗaya kawai muke buƙata daga Laraba, cikakken sunan yarinyar. Kowane yaro yana da haƙƙin a san shi da sunansa. An rubuta wannan a dokoki, kuma na duba da kyau, ba a ce ban da ɗan fari ba.

Naki,
Uwaisu

*

Daura, 29 ga Yuli

Zuwa ga Lamba Sha Bakwai,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Man zafin yana da kyau, shi ya sa na adana shi.

Yarinyar ta iso, kuma na gane saƙonka, ba sai ka fito fili ba. Na yanka mata zakara. Gwaggonka Hussaina da sauran dangi sun zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce wai aron rariya ya zo yi. An duba ta sama da ƙasa, ba ta da makusa, tana gaisuwa har ƙasa, tana cin tuwo ba ta yanga. Gwaggonka ta dafa kafaɗarta da dabara ta auna, ta ce za a fara da atamfa shida. Aibinta ɗaya ne. Sunanka take faɗi gatsau a gabana, safe da yamma, kamar mai tallan tumatir. Duk sanda ta faɗa sai in nemi abin da zan kalla a ƙasa. Za a gyara ta a hankali.

Yanzu batun fom ɗinku. Wanda ya tsara shi bai taɓa zama da mata ba. Layi na farko, sunan miji. Layi na biyu, sunayen 'ya'ya, a fara da babba. Yarinyar nan ta zauna da biro tun hantsi har azahar, mata goma sha ɗaya suna kallon yatsun ƙafarsu. Da ta tashi, a takardarta babu mai miji ko ɗaya, kuma kowace haihuwarta daga ɗa na biyu ta fara. Ta ce mini, "Mama, ko tsoro suke ji?" Na ce ba tsoro ba ne, tarbiyya ce.

Ni na kawo dabara. Na ce kowace ta faɗi na maƙwabciyarta. Nan take bakuna suka buɗe, har da ƙarin bayanin da ba a tambaya ba, wane mijin wance mai rowa ne, wane kuma munshari gare shi. Khairunnisa ta yi tsalle ta ce ai wasan ke nan: kowace mace ta fito a matsayin maƙwabciyarta, ta ba da labarin yadda ta gudo. Kullum da la'asar yanzu a sito ake gwaji. Jiya saura kaɗan a daku, don wata Amatullah ta ce ita ba haka take kuka ba, wadda ta kwaikwaye ta kuma ta ce wallahi har ta rage. Rabon matan nan da dariya tun ranar da suka baro gida, jiya har da masu riƙe ciki.

Sai Laraba. Ita ba ta da maƙwabciya. Mun tambayi ƙananan 'ya'yanta, babban shekararsa biyar, suka ce sunanta Yaya. Khairunnisa ta jero sunayen mata sun fi hamsin tana kallon fuskarta, wai in an zo kan na gaskiya za ta motsa. Matar nan ta sunkuyar da kai tun daga na farko har na ƙarshe. Na ja ta gefe na lallashe ta, ta ce uwarta ba ta taɓa faɗin na yayanta ba har ta koma ga Allah, ita ba za ta fara a bainar jama'a ba, a rediyo kuma. Ta ce in an ji ta, me za a ce da gidansu? Gidan da ko bango bai rage ba.

Ni ban ga laifinta ba, amma kuma kwanon yana nan. Ku masu dokoki, babu yadda za a yi cigiya ba suna?

Malama Maimunatu

*

Kaduna, 3 ga Agusta

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi duk da maganin yana akwati.

Don girman Allah a dakatar da Gwaggo Hussaina. Khairunnisa matar aure ce, 'ya'yanta biyu. Mijinta ya kira ni jiya cikin ladabi yana tambaya ko al'adar Daura ce a tambayi baƙuwa lambar takalminta. Da na ce na yarda da ita, a kan aiki nake nufi. A mayar da atamfofin, zakara kuwa Allah ya ji ƙansa.

Dabarar maƙwabciya ta burge kowa a ofis, har shugabanmu ya ce za a gyara fom ɗin. Amma cigiya ba suna ba za ta yi ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ta ɓace kusan wata uku da suka wuce, wannan siffar yara ɗari ce. Wanda yake riƙe da ita suna ya sani. In Laraba ba ta faɗa ba ranar 24, sai wani zagayen, kuma ban san yaushe ba.

Kin ce ba ki ga laifinta ba. Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Shekarar da kika zama malamar ajinmu, kullum da safe kina kiran rajista, yara arba'in da biyu, kowa da sunansa da na ubansa. In kin zo kaina sai ki ce "lamba sha bakwai", ki juya kina kallon taga. 'Yan aji suna dariya, ni ma ina taya su. Amma kullum sai na ƙirga, sha biyar, sha shida, ina cewa wataƙila yau za ta manta ta faɗa. Shekara guda ba ki manta ba ko sau ɗaya. Na san kunya ce, na san ba ƙi ba ne, Kaka ta sha gaya mini. Sanin bai hana abin ciwo ba.

Ni ina nan, kin san inda nake. 'Yar Laraba ba ta san ko uwarta tana da rai ba. Kunyar da za ta bar yarinya a hannun baƙi, ni ban san sunan da zan ba ta ba.

Uwaisu

*

Kaduna, 19 ga Agusta

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa. Kwana goma sha shida ke nan babu amsa. Na tambayi Khairunnisa ta waya, ta ce kina lafiya, kina ba ta kaza, amma in ta ambace ni sai ki tashi ki shiga ɗaki. Ta kuma ce jiya an kawo mata takalma.

In maganata ce ta ɓata miki rai, ki yafe mini. Ban isa in koya miki tarbiyya ba, a hannunki na koyi baƙi da fari. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma kada fushin ya shafi ranar Alhamis. Saura kwana biyar.

Ɗanki,
Uwaisu

*

Daura, 26 ga Agusta

Zuwa ga Lamba Sha Bakwai,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, ranar Laraba. Ta farkon ta yi sati uku a ƙarƙashin kujerar Yahya, ya sa ta ya toshe inda ruwa ke shiga. Saboda haka fushin da ka ba ni haƙuri a kansa ban riga na fara shi ba. Shiga ɗaki kuwa, wace uwa ce za ta zauna surukarta tana kiran sunan ɗanta? Na karanta ta biyun kafin ta farkon, na ce yaron nan me ya yi? Da na karanta ta farkon na gane, na yi fushin na awa guda, daga nan na yi kuka.

Gwaggonka ta ce takalman ba za su koma ba, ta ba Khairunnisa kyauta, ta ce Allah ya sa tana da ƙanwa.

Ban san kana ƙirgawa ba. Ni a lokacin tsorona ɗaya, kada malamai su ce ga wadda boko ya cire wa kunya. Tagar nan da nake kallo, don kada ka ga fuskata ne, domin kai kaɗai ne nake jin daɗin amsawarka.

Da la'asar na je wurin Laraba da duk hujjojinka, haƙƙi, doka, ranar ƙarshe. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ɗago ta ce, "Malama, ke da kinka yi boko, kin taɓa hwaɗin na naki?" Na ce wannan daban. Ta ce, "Mi ya bambanta?" Shekara talatin da biyar ina yi wa yara tambaya, ban taɓa sanin haka ake ji ba in ba ka da amsa. Ta ce in na faɗa a cikin abin maganar nan, gaban kowa, ita ma za ta faɗa. Na tabbata ta yi haka ne don ta san ba zan iya ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauki wasan. Matan sun yi abin mamaki, har mai unguwa da ya zo kallo ya riƙa goge ido da bakin rawani yana cewa hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Aka zo wurin kiran sunaye, maƙwabta suka kira wa maƙwabta. Sai na miƙe. Gwaggonka ta riƙe mini zane ta ce, "Maimunatu, da girmanki?" Na fizge.

Na rufe ido na faɗa. Daidai nan zakaran maƙwabta ya yi cara a bakin ƙofa, Khairunnisa ta ce bai fito ba, a sake. Na sake, ta ce na yi ƙasa da murya. Na uku na faɗa da irin muryar da nake tsawata wa 'yan aji shida, har jariri ya farka. Ta duba rakoda ta ce, "Mama, yi haƙuri, batir." Sau huɗu, a gaban mai unguwa. Abin da na tara shekara talatin da huɗu, yarinyar nan ta sa na kashe shi a safiya ɗaya.

Laraba ta daɗe tana kallona. Sannan ta ajiye goyonta, ta matso. Mun zaci raɗa za ta yi. Sai ta sa hannu biyu a gefen baki kamar mai kiran yaro daga gona, ta ƙwala, "Murjanatu! Murjanatu, ni ce! Ina Daura!" Ta yi ta kira ba ta tsaya ba, Khairunnisa kuma ba ta ce a sake ba. Babu wanda ya yi dariya a siton nan, ni ma sai da aka zaunar da ni.

Sauran aiki naku ne.

Malama Maimunatu

*

Kaduna, 6 ga Satumba

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa da babbar murya. Lafiyata ƙalau, kuma ina so a sanar da dangi cewa ban ɓace ba.

Khairunnisa ta bar muryarki a cikin jerin cigiya. Tun ranar da aka sa shirin wayata ba ta huta ba. Abokan makaranta, Kawu na Dutsi, har wata tsohuwa da ta ce ta ga mai kama da ni a kasuwar Mai'aduwa yana jan akuya. Mai taya na tasha ya riƙe hannuna ya ce ba zai sake ni ba sai ya damƙa ni ga Yahya.

Ni a ofis na ji. Na san abin da ke cikin shirin, kin rubuto mini, na zauna da shirina. Da muryar ta fito, irin ta tsawa, sai na ji na miƙe tsaye na ce "Na'am, Malama," a gaban ma'aikata takwas. Daga nan na fita waje na daɗe.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta wannan. Jiya wata mata mai sayar da abinci ta kira daga Ɓatagarawa. Wata huɗu ke nan tana riƙe da wata yarinya da ta sauko daga motar 'yan gudun hijira ita kaɗai. Suna wanke-wanke rediyo yana yi, yarinyar ta saki kwano. Matar ta ce, "Ke ce?" Ta ce, "Muryar Inna ce, amma ba ni take kira ba. Inna ba ta faɗin sunana." Sai da aka maimaita shirin washegari, ta ji har ƙarshe, sannan ta yarda.

Mun tantance, ta faɗi sunayen ƙannenta uku daidai. Khairunnisa za ta kawo ta ranar Asabar.

Ɗanki da aka samu,
Uwaisu

*

Daura, 12 ga Satumba

Assalamu alaikum. Muna lafiya, na fara shafa man zafin.

Sun iso ranar Asabar da azahar. Unguwa ta cika, Gwaggonka ta tanadi guɗa tun safe. Yarinyar ta sauko daga mota, doguwa, siririya, da kayanta a leda. Ƙannenta suka ruga suna "Yaya! Yaya!" Muka juya muna jiran Laraba ta rungume ta kamar yadda ake yi a fim.

Ina! Matar nan tana zaune a bakin murhu, ta juya baya, tana ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta. Ta amsa wa bango. Can ta ce da Amatullah, "Ku ba wannan ruwa, ta sha hanya." Khairunnisa ta dube ni kamar za ta yi kuka don takaici. Na ce mata ta dubi hannun. Hannun Laraba ya riga ya ɗauki ludayi. Ta jawo kwanon nan na huɗu, ta cika shi har yana zuba, ta tura shi ta baya ba tare da ta waiwaya ba. Wannan karon babu faifai a kansa. Yarinyar ta ci tana kuka tana dariya, uwar kuma ta riƙe gefen zanenta da yatsu biyu, ta ɓoye, tana zaton ba mu gani ba. Har aka yi la'asar ba ta saki ba.

Matan sun ce a gaya maka suna da wani wasan, wannan karon a kan makarantar yaransu, kuma Amatullah ta ce ita za ta fito a matsayin kanta.

Ka zo ka ci tuwo, an daɗe ba a gan ka ba. In ka zo kada ka tsaya kana kallon bakina, abin da ya faru a sito ya faru a sito.

Za ka ga na rubuta sunanka a bayan ambulan, cikakke, da manyan baƙaƙe. Saboda Yahya ne, kada ya sake kai wa mai taya. Na rubuta shi sau uku a wata takarda kafin nan, don in ga ko biron yana yi.

Mahaifiyarka,
Maimunatu